Labulen da Babu Taga a Bayansa

Anti mai filin shawara, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi miki tsawo. Na daɗe ina bin amsoshinki, in karanta in ce Allah sarki masu matsala, ban taɓa kawowa a raina ni ma wata rana zan shiga layi ba. Kar ki sa sunana. Ko kin so ma ban rubuta shi ba.

Aikina gyaran ɗaki ne, amma ɗakin da ba a kwana a ciki. A wani babban kantin kayan ɗaki nake aiki, irin wanda ake yanka fili ɗaki-ɗaki da falanki, kowanne bango uku, gabansa a buɗe don masu saye su gani. Ni ce mai shimfiɗa zanen gado, in jera filo, in rataya labule, in ajiye furen roba a kan durowa, in ɗan karkata madubi yadda zai kama hasken da ke shigowa ta ƙofar gilashi. Mai kanti yakan ce hannuna ya fi bakin masu ciniki sayar da gado. Gaskiyarsa ce, ba yabon kai ba. In mace ta shigo ta tsaya a gaban ɗakin da na gyara, ta kai hannu ta shafa zanen gadon, na san an gama ciniki.

To ni mai wannan hannun, Anti, ba ni da wurin kwana. Na rubuta shi yanzu na tsaya ina kallonsa, don ban taɓa furta shi da bakina ba.

Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Aku muke ce mata saboda surutu. Muna cikin ɗakinmu na haya muna lallaɓawa, sai mai gidan ya sayar, wanda ya saya kuma ya ce shaguna zai gina. Na bi dillalai har takalmina ya gaji. Duk inda aka kai ni, tambayar farko ita ce ina maigidan. Da na ce ya rasu sai a yi masa addu'a, daga nan kuma sai a tuna ai ɗakin an riga an kama shi. Inda suka yarda da mace ita kaɗai kuwa, kuɗin shekara suke so a dunƙule, ni kuma albashina na ci ne da kuɗin mota. Ranar da aka zo rusau na rarraba kayana: gado ya tafi bayan gidan Yayana aka rufe shi da leda, tukwane da kwanuka suka tafi wurin Gwaggona. Aku kuma na kai ta wani gari wurin surukata, kakarta ta wajen uba, na ce a riƙe mini ita kafin in gama gyaran sabon wuri. Haka bakina ya faɗa, gyaran sabon wuri, ban ma shirya faɗin haka ba.

Tun daga nan nake yawo. Gwaggo ta ɗauka a gidan Yaya nake. Yaya ya ɗauka ɗaki muka haɗa da wata abokiyar aikina. Abin da nake yi shi ne in sayi lemo ko burodi in ɗaura a leda, in isa gidan Gwaggo da yamma a matsayin wadda ta zo gaisuwa. In zauna in yi ta jan hira. Anti, na zama gwanar jan hira, na san labarin da zan tono wa Gwaggo ta manta da agogo, na san sunan duk wanda ya ɓata mata rai tun tana budurwa. Can sai ta duba waje ta ce in kwana mana, gari ya yi duhu. Ni kuma in ɗan yi gardama, in ce ai ana jirana, sannan in yarda. Yanzu a dangi ni ake ba da misali da ni, wai ga wadda ta san zumunci a ƙafa yake. In na ji haka sai in yi dariya, don ƙafar kam tana shan zumunci.

Amma baƙo raɓa ne, ban yarda rana ta same ni ba. Gidan Yaya ɗaki biyu ne, yara sun cika shi. Matarsa ba muguwa ba ce, kar in ɗauki alhakinta, sai dai in na kwana na biyu ina jin yadda take ajiye murfin tukunya. Don haka nake raba zuwan, in bar tazara, kar a gaji da fuskata. Ranakun da suka faɗo a tsakani kuwa, barandar babban asibiti nake zuwa, inda masu jinya suke shimfiɗa. Macen da ta zo da tabarma da filas ba mai tambayarta daga ina. Wata tsohuwa da muka saba haɗuwa a bakin famfo da safe takan ce mini ya mai jiki, in ce da sauƙi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, in ce amin da gaske.

Kullum ni nake fara isa kanti. Da dutsen gugar da nake goge labule nake goge kayana a bayan sito, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganina a yamutse. Wannan ɗan lokacin na safe, kafin a ɗaga ƙofar ƙarfe gaba ɗaya, shi ne abin da ya riƙe ni ban haukace ba. Haske yana shigowa ta ƙasa-ƙasa, yana bin tayil a hankali, ƙura tana iyo a cikinsa. Ɗakunan duk sun yi tsit kamar masu su sun ɗan fita ne za su dawo. Sai in bi su ɗaya bayan ɗaya ina gaishe su a raina. Akwai na can ƙarshe, kusa da matattakala, mai shuɗin labule da ɗan ƙaramin tebur na karatu. Wannan nawa ne. Nakan zauna a bakin gadon, ba na kwanciya don kar zanen ya nuna, in lumshe ido. Sai in ji ruwa yana tafasa a wani wuri a bayana, in ji Aku tana neman safarta ɗaya tana mita, in ji ƙamshin sabulun mijina, har muryar wata maƙwabciya da ban taɓa yi ba nake ji, tana aron ashana ta taga. Nakan ga damina ta zo ta same mu a ɗakin, in ga mun tara bokiti, in ga na tsufa a nan, Aku ta zo da 'ya'yanta suna tsalle a kan gadon ina korarsu. Duk wannan kafin mai gadi ya gama shan shayinsa.

Na san fitilar gefen gadon ba ta da waya. Na san sif ɗin ba komai a ciki sai ƙamshin sabon katako, agogon bangon ma ba batir, ni nake juya hannunsa in ajiye inda ya fi kyau a ido. Na fi kowa sani tunda ni na jera su. Amma har yau mabuɗin tsohon ɗakinmu yana cikin jakata, kuma in an tashi aiki kowa yana lalubo nasa, ni ma sai in fito da nawa in kaɗa.

Yanzu ga inda na ɓaro wa kaina aiki. Aku takan kira ni da wayar kakarta, kullum tambayarta ɗaya, an gama gyaran? Wata safiya tana ta naci, ni kuma ina zaune a bakin wannan gadon, sai kawai na tura takardar farashi bayan filo, na ja baya yadda gefen falanki ba zai fito ba, na ɗauki hoto na tura mata. Ihun da ta yi sai da na janye wayar daga kunnena. Daga ranar abin ya zame mana jiki. Ta zaɓi gefen bango ta ce nan ne nata. Ta ce teburin na aikin makarantarta ne, kar in ɗora masa kofi. Ta nuna wa ƙawayenta. Da aka sayi gadon aka kawo wani, na ce mata canzawa na yi, kakarta har ta karɓi wayar tana yi mini murna, wai buɗi ya zo, Allah ya tsare mini daga bakin mutane. Ni kuma maimakon in ji kunya a lokacin, wallahi daɗi na ji. In muna wayar nan ni da Aku, ɗakin yana da bango huɗu.

Kwanan nan ta zo mini da wata sabuwa. Wai in buɗe labulen in ɗauko mata abin da ake gani ta taga. Tana so ta san ko akwai bishiya, ko ana hango titi, ko akwai yara a gidan da ke kallonmu. Na ce gilashin ya yi datti. Ta sake tambaya na ce rana ta yi yawa, hoton ba zai fito ba. Anti, bayan labulen nan falanki ne fari, da ƙusoshi biyu da na buga da hannuna. Aku kuwa ba ta mantuwa, duk kiran da za ta yi sai ta tayar da maganar.

Ana cikin haka surukata ta kira ni da kanta. Ta ce tunda ɗaki ya samu, in an yi hutun ƙarshen zangon nan in zo in ɗauki 'yata. Ƙafafunta sun ƙi, ba ta iya bin yarinya da wanki da makaranta. Ta ce da ma baffan Aku, ƙanin mijina da ke can wani gari mai nisa, ya daɗe yana cewa a ba shi ita, ita ce take hanawa don uwa tana raye. In har ban shirya ba, to in faɗa mata, ta ba shi. Na ce na shirya. In Aku ta tafi gidan baffanta na san yadda abin yake, sai dai in riƙa ganin tsawonta a hoto.

Ba wai ban nemi taimako ba. A bangon asibiti na ga sanarwar wani masauki da wata ƙungiya ta buɗe wa matan da ba su da wurin zama. Na yi ta wuce ta ina kawar da kai, har wata rana na nemi izini a kanti na je. Na goge kayana mafi kyau, na shafa turare, na ɗauki jakar fita unguwa, don ni a tarbiyyata ba a zuwa ofishin mutane a wulaƙance. Ma'aikaciyar mai kirki ce, mai tabarau, har ruwa ta ba ni. Ta tambaye ni inda na kwana jiya, na ce gidan Gwaggona, kuma gaskiya ne, ranar a can na kwana. Ta ce ina da dangi a garin, na ce sosai ma. Ta ce akwai wanda ya kore ni ko yake dukana, na ce Allah ya kiyaye. Ta ce ina da aiki, na ce Alhamdu lillahi. Ta ce yara fa, na ce ɗaya ce, tana wurin kakarta lafiya lau. Ta ce to yaya zaman yake, na ce sai godiya. Ta dube ni ta dubi jakata, ta ce gadajensu kaɗan ne, suna fara ba wa waɗanda ba su da inda za su sa kansu, amma ga lambar waya in wani abu ya taso. Na yi godiya har da rusunawa. Da zan fita na ga labulen ofishinta ya zame daga ƙugiya ɗaya, na tsaya na gyara mata.

Ta ƙofar ofishin na hango tsakar gidan. Igiyar shanya ce da kayan yara a kai, wata mata tana tsefe wa wata kai, taga ɗaya a buɗe iska tana kaɗa wani tsohon labule da ya koɗe. Ban taɓa ganin labule mai muni da ya ba ni sha'awa haka ba. A kan benci kuma ga wata da jariri a baya da buhu a gabanta, ƙafarta duk ƙura. Na dube ta na dubi kaina, sai na ji kamar na zo satar gadonta ne.

To Anti, ki faɗa mini. Ni ma ina cikin waɗanda aka buɗe wa gidan nan, ko kuwa raki ne da ni, tunda ina da aiki da dangi? In na koma me zan ce, bayan na riga na ce sai godiya? In surukata ta ji a masauki nake, za ta ba ni yarinya kuwa? Wani lokaci nakan ce ko in bari baffan ya ɗauke ta, ta tafi da shuɗin ɗakin nan a ranta, ta girma tana cewa uwata tana da ɗaki mai kyau. In na yi wannan tunanin sai in yi maza in kore shi. Ina son 'yata, Anti, ina so in ji ta tana mita a kusa da ni. Hutun ya kusa, ni kuma kullum da safe ina zaune a bakin gadon mutane ina mafarki.

Taki,
Baƙuwar Kowa

AMSA

Ƙanwata Baƙuwar Kowa, sannu. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, kuma ba ta yi mini tsawo ba. Allah ya jiƙan maigidanki. Tunda hutu ya kusa, bari in tafi kai tsaye.

Kin tambaya ko kina cikin waɗanda aka buɗe wa gidan. Kina ciki. Mutane sun ɗauka marar matsuguni sai wadda aka gani kwance a bakin titi, alhali mata da yawa irinki ne, tsaf da su, yau nan gobe can, ba wanda ya sani don sun iya rufin asiri. Macen da take kwana a barandar asibiti tana amsa gaisuwar mara lafiyan da babu shi ba ta da wurin zama, ko da kayanta sun fi na kowa guga. Raki kuma ban gan shi a wasiƙarki ba. Abin da na gani mace ce da ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta, ta ƙi yarda a gani.

Ma'aikaciyar nan ba korarki ta yi ba. Ta yi miki tambayar aiki, ke kuma kika ba ta amsar gaisuwa. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma kin jera shi ne yadda kike jera ɗakin kanti, kika tura takardar farashi bayan filo. Ita ma da ta ƙara tambaya ɗaya, ta ce shekaranjiya fa, da ta gano, wannan kam gazawarta ce. Sai dai mutum nawa take gani a rana? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki koma cikin satin nan. Ki sa kayanki masu guga in kina so, tsabta ba laifi ba ce, kuma ban ce ki yamutsa kanki don a tausaya miki ba. Amma kafin ta tambaye ki komai, ki fara da barandar asibiti, ki ce ba ki da ɗaki tun da aka rushe naku, ki ce za a ɗauke miki 'ya in hutu ya zo ba ki da inda za ki sa ta. Kar ki damu da cewa kin riga kin ce sai godiya. Masu irin wannan aikin sun saba da wadda sai a zuwa na biyu bakinta yake buɗewa.

Batun mai jariri da buhu, ki bar wa masu gidan. Su ne aikinsu auna wa za a fara ba wa gado, kuma ba za su iya aunawa daidai ba in kin ɓoye musu rabin nauyinki. Ba na yi miki alkawarin za ki samu wuri a ranar. Wataƙila su ce a cike suke. In haka ne, ki ce su sa ki a layin jira, su kuma haɗa ki da wani masaukin ko ofishin walwalar jama'a na yankinku. Ki tambaye su ko suna karɓar uwa da 'yarta, da shekarun da suke karɓa. Ki tambaya ko suna tsaya wa mace a gaban masu gidan haya, ko suna haɗa mata biyu su kama ɗaki tare, don wasu ƙungiyoyin suna yin haka, kuma mai albashi irinki ta fi sauƙin tsayawa da ƙafarta in an ɗan tallafe ta. Mai kantin da yake yabon hannunki kuma, lokaci ya yi da yabon zai yi amfani. Ki nemi ya ba ki shaidar aiki, ko ya tsaya miki a wurin mai gida. Ba sai kin zazzage masa cikinki duka ba.

Barandar nan ki bar ta da wuri. Allah ya tsare ki zuwa yau, amma ba wurin kwanan mace ba ne, kuma ranar da wani abu ya same ki ba wanda zai san inda zai neme ki, tunda kowa ya ɗauka kina gidan wani.

Wannan ya kawo ni kan danginki. Ba zan zarge su da abin da ba a faɗa musu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ina zargin Gwaggo. Tsohuwar da kullum take mantawa da agogo har sai duhu ya yi, sannan ta ce ki kwana, anya ba ta fi ki iya wasan nan ba? Wataƙila ta daɗe da ganewa, tana rufa miki asiri ne kamar yadda kike rufa wa kanki. Ki je mata da rana, hannu sake ba lemo, ki faɗa mata. Kar ki roƙi zama na har abada, wannan yake tsorata mutane. Ki ce ta ba ki kusurwa zuwa lokaci kaza, kina neman wuri. Yayanki ma yana da haƙƙin ya sani. Gidansa ba fili, na yarda, kuma murfin tukunyar matarsa yana da nasa uzurin. Amma yana da ƙafar raka ki wurin dillali. Abin takaici ne a ce sai an ga namiji a bayan mace kafin a ba ta hayar ɗaki, ni ma yana ƙona mini rai, sai dai yanzu ɗaki muke nema, faɗan mu yi shi daga baya.

Surukarki ita ce mai wuyar. Ba zan ce miki ba haɗari ba, tana iya jin haushi, tana iya cewa a ba baffan. Amma ki auna biyun. Ko ta ji daga bakinki, kina cewa ga halin da nake ciki, ga inda na je, ga wanda ya tsaya mini, ki ƙara mini zango ɗaya. Ko kuma ta ji ranar da aka ɗaure wa yarinya kaya ba inda za a kai ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naki kuma ƙarshensa ranar hutu. Matar da ta hana ɗanta na cikinta yarinyar nan don uwa tana raye ba maƙiyiyarki ba ce. Ciwon ƙafarta ma gaskiya ne, don haka ki je mata da abin da za ki rage mata, ko zuwa ne ranar hutunki ki yi wanki ki gyara gida. Baffan kuma kar ki ɗauke shi ɓarawo, 'yar ɗan'uwansa yake so ya riƙe. Wanda yake da halin riƙe yarinya yana da halin taimaka wa uwarta ta riƙe ta, in an san yadda aka yi masa magana.

Saura Aku. Ba zan yi miki faɗa kan hotunan ba, na san daga inda suka fito. Amma daga yau kar ki ƙara tura ko ɗaya. Ki faɗa mata da bakinki, a fili, daidai hankalinta: wancan ɗakin na wurin aiki ne, ni na gyara shi, namu ba mu samu ba tukuna, ina nema. Za ta yi kuka, za ta yi fushi, za ta ji kunyar ƙawayenta. Ki bar ta ta yi, ki ba ta haƙuri, kar ki kare kanki. Maganar ki bar ta ta tafi da shuɗin ɗaki a ranta kuwa, ki cire ta. Yarinyar nan da ta zaɓi gefen bango, ta zaɓa ne don ta san ke ce a ɗaya gefen. Tambayar taga da ta dame ki da ita ma, so take ta san a ina uwarta take a duniyar nan, me take gani in ta tashi da safe.

Mafarkinki na safe ban ce ki daina ba, shi ya kawo ki yau. Hannun da ya iya mayar da falanki uku ɗaki ba zai rasa yadda zai yi da bango huɗu ba, ko da na masauki ne, ko da tabarma ce kawai a ciki. Ranar da kika samu, kafin ki shimfiɗa komai, ki je ki buɗe tagar. Ko tankin ruwa ne a wajen, ko bayan katangar wani, ko igiyar shanya, ki ɗauka yadda yake ki tura wa Aku, ki ce mata ga abin da ake gani.

Allah ya ba ki ƙofar da za ki rufe da mabuɗinki, ya dawo miki da mai surutunki kusa, ya sa ki gaji da mitarta. Ina yi miki fatan alheri, ƙanwata.

Antinku